Babi na Bakwai: Daga Turmi Zuwa Tanda

A Baudeta da ƙauyukan da ke tsakanin Tasawa da Mayahi, cikin jihar Maraɗi, masar da za a ci da safe tun jiya ake fara aikinta. Gero, wanda mutanen yankin ke kira hatsi, shi ne ginshiƙin abinci, kuma kyan masa daga turmi yake farawa.

Surfe ne matakin farko. Uwargida za ta zuba gero a turmi, ta yayyafa ruwa kaɗan, ta yi ta luguden taɓarya har ɓawon ya saki. Sai ta bakace a faifai, dusa ta tafi ga awaki, ta wanke tsabar ta rege tsakuwa. Daga nan a koma turmi, ko a kai inji.

Tankaɗe shi ke raba gwana da 'yar koyo. Uwargida tana kaɗa rariya, gari mai laushi yana sauka cikin ƙwarya, tsaki yana tsayawa a sama. Ba a zubar da tsakin: ko a mayar da shi turmi a ribɗe, ko a dafa shi a haɗa da ƙullu don masa ta yi taushi.

Idan an kwaɓa ƙullu aka rufe ya kwana a wuri mai ɗumi, da asuba za a tarar ya kumbura yana ƙanshin tsami. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke cin zaƙin garin, suna fitar da iska da tsami. Louis Pasteur na Faransa ya bayyana aikinsu a 1857. Ragowar ƙullun jiya takan tayar da na yau, in kuma tsamin ya yi yawa a sa ruwan kanwa. Da ragowar ƙullu Turawa ma ke tayar da burodinsu mai tsami, haka mutanen Sudan ke yin abincinsu mai suna kisra. Sai dai gero ba shi da danƙon alkama mai riƙe iska, shi ya sa ake soya ƙullunsa a tanda.

Tsamin nan yana taimaka wa jiki ya amfana da sinadarin ƙarfe da ke cikin gero. Ba banza ba Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2023 ta zama shekarar gero. Iyaye mata, a koya wa yara surfe da tankaɗe, kada inji ya mantar da mu.