Abin Da Ya Kamata A Yi Idan Ruwa Ya Shiga Kwamfutar Tafi-da-gidanka

Daga Masaka, kan hanyar Abuja zuwa Keffi, ma'aikata da ɗalibai sukan yi sammako zuwa Abuja da kwamfuta a jaka, da damina kuwa ruwa yakan tsare su a hanya. In danshi ya shiga, fuskar kwamfutar takan yi duhu, ko ta riƙa ƙyaftawa, ko layuka su bayyana.

Babban haɗari shi ne kunna ta tana jiƙe, domin ruwa yakan kai lantarki inda bai kamata ba, har kayan ciki su ƙone. Saboda haka wajibi ne a kashe ta nan take, a cire caja, da batir in mai cirewa ne. A buɗe ta, a kife ta a inuwa wurin iska, aƙalla awa 48. Kada a shanya ta a rana. Binne ta cikin shinkafa ba ya magani.

Bayan ta bushe, a haɗa ta da talabijin ta wayar HDMI. In hoto ya fito garau, larurar tana ga fuskar ko wayarta, kuma ana iya canja su. In bai fito ba, a hanzarta kai ta wurin ƙwararren mai gyara tun tsatsa ba ta ci cikinta ba.