Tafkin Ontario Ya Cika: Wa Za a Sake wa Ruwan?

A watan Yunin 2019 ruwan Tafkin Ontario, wanda ke tsakanin Amurka da Kanada, ya kai tsayin da ba a taɓa auna irinsa ba: mita 75.92 sama da matakin teku. Shekara biyu kafin nan, a 2017, ya kai mita 75.88. A takarda waɗannan lambobi ba su da ban tsoro. Sai ka tsaya a ƙofar gidan da ke bakin tafkin ka ga abin da suke nufi.

Ɗauki mai gida a ƙauyen Sodus Point, ko a garin Greece da ke kusa da Rochester a jihar New York. Ya jera buhunan yashi har gwiwa a bayan gidansa. Injin zuƙe ruwa yana ta gurnani dare da rana, yana kwashe wanda ya tsatso ta ƙarƙashin gini. Ranar da iska ta kwanta, abin da sauƙi. Ranar da ta taso daga arewa kuwa, igiyar ruwa kan taho da ƙarfinta ta haura buhunan, ta ci gindin katanga, ta cika ramin masai har ƙazanta ta dawo tsakar gida. Ambaliyar kogi takan zo ta wuce cikin kwanaki. Ta tafki zama take yi, mako bayan mako. A 2017 tsibiran Toronto, inda jama'a ke zuwa shaƙatawa, sun kasance a rufe har ƙarshen watan Yuli.

Wanda ke cikin wannan hali abu ɗaya yake tambaya: me ya hana a buɗe ƙofa ruwan ya tafi? Ƙofar tana nan. Ita ce madatsar Moses-Saunders, wadda aka gama a 1958 a kan Kogin St. Lawrence, tsakanin Massena ta Amurka da Cornwall ta Kanada. Amma mabuɗinta ba ya hannun shugaban ƙaramar hukuma, ba ya hannun gwamna. Yana hannun hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu, IJC, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar ruwan kan iyaka ta 1909. Ita ma ikonta rabi ne, domin mafi yawan ruwan da ke shiga tafkin daga Tafkin Erie yake kwararowa ta Kogin Niagara, kuma babu mai iya tare shi.

Nan ne lissafin yake da ɗaci. Faɗin tafkin ya kusa murabba'in kilomita 19,000, kogin da ke kwashe ruwansa kuwa siriri ne idan aka gwada. In ana so a rage tafkin da santimita ɗaya tak cikin mako guda, ruwan da za a saki zai ɗaga kogin a wajen Montreal da kimanin santimita goma. A shekarun biyu kuma Kogin Ottawa, wanda ke haɗuwa da St. Lawrence a daidai wurin, shi ma ya cika ya batse, mutanen can suna nasu jeren buhunan. Mutanen Adamawa da Binuwai da suka ga abin da sakin ruwan madatsar Lagdo ya yi a 2012 ba sa buƙatar dogon bayani a nan. Da Kogin Ottawa ya lafa, an saki ruwa har kubik mita 10,400 a kowace daƙiƙa, amma ɓarnar ta riga ta auku.

Masu gidaje da yawa sun ɗora laifin a kan sabon tsarin sakin ruwa da ake kira Plan 2014, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2017, watanni kaɗan kafin ambaliyar farko. Ban ga laifin zarginsu ba, duk wanda ruwa ya ci gidansa dole ya nemi dalili. Tsarin ya ba tafkin damar hawa da sauka fiye da da, don a farfaɗo da fadamun gaɓa kimanin hekta 26,000. Shekaru da dama na riƙe ruwa a mataki ɗaya sun sa wata ciyawa ta mamaye fadamun, kuma 'yar'uwar kachallar nan ce da ta toshe hanyoyin ruwa a Haɗeja da Nguru bayan gina madatsun Tiga da Challawa. Hukumar ta ce ruwan sama da narkewar ƙanƙara ne suka jawo ambaliyar, kuma ko da tsohon tsari ne haka za ta faru. Jihar New York ba ta gamsu ba, ta kai ƙara kotu a 2019.

Ni dai abin da ya fi damuna shi ne rabon aikin da ke hannun ƙaramar hukuma, don a nan ne ake iya yin wani abu. Ita ce ke raba yashi da buhu, ta rufe hanya, ta kare famfon ruwan sha da magudanar ƙazanta. Ita ce kuma ke sa hannu a takardar izinin gini. Idan mai hali ya zuba manyan duwatsu ko ya ja katangar siminti a gaban filinsa, igiyar da ta buga komawa gefe take yi, ta ci gaɓar maƙwabcinsa da ba shi da kuɗin yin nasa. Yashin da ya kamata ya zaizayo ya ciyar da gaɓar gaba shi ma ya tsaya. Gida ɗaya ya tsira, unguwa ta yi asara. Shi ya sa gyaran gaɓa ya fi kyau a yi shi a tare, layi guda, da idon hukuma.

Bayan ambaliyar 2019 gwamnatin jihar New York ƙarƙashin Gwamna Andrew Cuomo ta ware dala miliyan 300 don garuruwan bakin tafkin, aka ɗaga hanyoyi, aka ƙarfafa gaɓa da bututun ruwa. Abin da kuɗi ba ya saye shi ne ƙarfin halin ce wa mai fili kada ya sake gini inda ruwa ya kwana. Gidajen bakin ruwa su ne masu tsada, harajinsu ne ke riƙe makarantu da hanyoyin garin, masu su kuma suna da ƙuri'a.

A 2021 ruwan sama ya yi ƙaranci, tafkin ya janye har masu kwale-kwale suka riƙa kukan sun kasa isa mashigarsu. Gaɓa ta sake faɗi, yashi ya bushe, buhunan da aka jera shekara biyu baya sun yage a rana. A irin wannan shekarar ce mai fili ke ɗaukar zanen sabon ɗaki ya nufi ofishin ƙaramar hukuma neman izini.