Ruwan Madara ko Launin Kuka: Wanne Ya Dace da Ɗaki a Auna?

Duk wanda ya gama filasta a Auna, da ke ƙaramar hukumar Magama, ya nufi Kontagora sayen fenti, gardamar a bakin shago take farawa. Maigida na son ruwan madara, uwargida kuma ta kafe a kan kore mai sanyi, irin launin garin kuka da aka shanya, ba kore shar na tuta ba.

Kafin a ba kowa gaskiya, a fara duba taga. Farin bango yana maido da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, kore mai duhu-duhu kuwa sau da yawa ko rabi ba ya maidowa. Ɗakunanmu galibi taga ɗaya ce, ƙarama, ga labule mai kauri. Ka shafe irin wannan ɗaki da kore daga sama har ƙasa, da la'asar sai ka kunna fitila kafin ka zura zare a allura.

Sai dare. Madatsar Kainji, da aka kammala a 1968, ba ta da nisa, amma fitilar caji da ƙwan sola ne ke haska gidaje da yawa, kuma haskensu shuɗi-shuɗi ne. A ƙarƙashinsa kore kan koma ruwan toka, kamar ya kwana biyu yana jinya. Ruwan madara kuwa, ɗan rawayan da ke cikinsa ne ke kashe kaifin hasken.

Masu cewa kore na sanyaya ɗaki a bazara, ido ne kawai ke jin sanyin. Zafin daga kwanon rufi yake saukowa. Maganinsa silin da tagogin da iska za ta ratsa.

Inda kore ya yi fice shi ne haƙuri da dauɗa. Ƙurar hunturu, jar ƙasar damina, tafin yaron da ya tashi daga kan tuwo da manja, wurin da kaka ke jingina kullum: duk fari na tona asirinsu cikin mako guda.

Shi ya sa ni dai dabarar tsofaffin makarantun firamare nake bi. Daga ƙasa zuwa ƙugu a sa koren fenti mai mai, wanda tsumma da sabulu ke gogewa, daga nan zuwa silin a sa fentin ruwa launin ruwan madara. Kuma kafin ka sayi bokiti, ka ce wa mai fenti ya shafa faɗin faifai a bangon, ya bushe, ka dube shi da hantsi, ka sake dubawa bayan isha'i.