Wa Ya Ce Mace Ba Ta Malanta?

Akwai wata magana da ta ishe ni a majalisun Sabon Birni da Isa. Wai yarinya in ta iya ƙananan surori ta san wankan tsarki, ta gama. Ta zurfafa a fiƙihu da tafsiri har ta zauna tana karantarwa, wannan wai baƙon abu ne na 'yan boko. Da wannan hujjar ake zare yarinya daga Islamiyya tana tsakiyar Ishmawi, a ce ai ƙarshenta murhu.

Haba jama'a! A ƙasar Gobir ake faɗin haka? A Dagel aka haifi Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu a 1793, lokacin garin yana ƙarƙashin sarautar Gobir ta Alƙalawa. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa har rasuwarta a 1864. Ita ta kafa 'Yan Taru: ta zaɓi dattijuwa mai ilimi, ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa da jan rawani, ta tura ta ƙauye da waƙoƙin tauhidi da hukunce-hukuncen ibada. Malfar nan kuwa Innar Gobir aka sani da ita, shugabar bori. Nana ta mayar da ita alamar malanta. Bayan ta rasu, ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da aikin.

Masu cewa "ai fitar mace fitina ce", wani ya riga ku. Malam Mustafa Goni ya soki Shehu a kan halartar mata wurin wa'azinsa, Abdullahi ɗan Fodiyo ya mayar masa da amsa cewa barin su cikin jahilci ya fi muni. A Nurul Albab, Shehu da kansa ya caccaki malaman da ke karantar da almajirai a zaure, matansu da 'ya'yansu na cikin gida ba su san farillan alwala ba. Wace ce baƙuwar ke nan, malantar mace ko hana ta? Uwar Muminai A'isha ma hadisi 2,210 aka ruwaito daga gare ta.

Talauci da ta'asar 'yan bindiga sun rufe makarantu, gaskiya ne, amma maganar nan ta girme su.

To, iyaye, kafin a sa rana, ku sa sharaɗin ci gaba da karatu a gaban waliyyai. Maigida, ka ɗauke mata ɗawainiyar yamma ta je darasi. Amarya da mai goyo ma suna haddar Ahalari. Wadda ta nuna kaifin kai, a tura ta Kwalejin Shehu Shagari ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ta karanci addini, ta dawo ta koyar. Masu hali, ku biya malama albashi. Kuɗin Laraba ba ya riƙe gida. Limamai, ku ware wa mata wuri da lokaci, musamman a sansanonin 'yan gudun hijira.

Ku tuna akwai tambayar haila da biƙi da idda da mace ba za ta iya buɗe baki ta yi wa namiji ba. In babu malama a unguwa, shiru za ta yi, ta yi ta ibada a kan kuskure, kuma alhakin yana wuyan wanda ya hana a koya. Allah Ya sa mu gyara.