Ruteniyom: ƙarfen da ke cikin hajarmu ba mu san sunansa ba

Masu kasa agogo, tabarau, zobba da sarƙoƙi a kasuwannin Birnin Ƙonni, Illela, Ɗan Isa da Jibiya mun saba ganin kaya masu launin baƙi-baƙi mai ƙyalli. Sau da yawa fenti ne kawai, amma a kan masu tsada akan sami shafen wani ƙarfe mai suna ruteniyom.

Wani masanin kimiyya, Karl Klaus, shi ya gano shi a birnin Kazan na ƙasar Rasha a shekarar 1844. Dangin filatinam ne, wato farin ƙarfen nan mai daraja, kuma tare ake haƙo su, akasari a Afirka ta Kudu. Abin da duniya ke samu a shekara bai wuce tan 30 zuwa 40 ba, alhali zinariya ta haura tan 3,000.

Ruteniyom yana da tauri ƙwarai, ba ya tsatsa, kuma ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 2,334. Ita zinariya a 1,064 take narkewa. Sai dai yana da gautsi, shi ya sa ba a ƙera zobe da shi zalla. Ko dai a zuba kashi 5 cikin 100 a filatinam don ya ƙara ƙwari, ko a shafa shi a kan azurfa ko wani ƙarfe. Akwai shi kuma ɗan mitsitsi a cikin wayar salula da faifan ajiyar kwamfuta.

To, a nan ne ya kamata mu buɗe ido. Shafen nan ko kusa bai kai kaurin silin gashi ba, kuma yau da gobe yana gogewa. Darajar sarƙa tana ga ƙarfen da ke ƙarƙashi. Kafin mu sari kaya, mu duba hatimi: 925 na azurfa ne, 750 na zinariya mai karat 18. Da yake ana buga hatimin jabu, a kai wa maƙerin zinariya ya gwada. In za mu sayar, mu faɗa wa mai saye gaskiya cewa shafe ne.

Ƴan gwangwan masu ƙona tsofaffin wayoyi su ma su sani: wutar gawayi ba ta fitar da ruteniyom, hayaƙi mai guba kawai za su shaƙa.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.