Idan yaro ko tsoho ya kasa haɗiya: abin da binciken likitoci ya gano

A ƙauyukan Buza da Madawa da Keita, idan jariri ya ƙi kama nono, abu biyu aka saba yi. Wasu su kira wanzami ya cire beli. Wasu su kwantar da yaro bisa cinya, su toshe masa hanci, su yi masa ɗura da kunu. Haka kuma idan tsoho ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, sai a tallabe shi a riƙa zuba masa fura a baki don kada yunwa ta kashe shi.

Masu yin haka ƙauna ce ta sa su. Ba mai son ya ga nasa ya kwana da yunwa. Amma likitoci sun yi shekaru suna bincike kan masu wahalar haɗiya, a nan Nijar da sauran ƙasashe. Ga abin da suka gano: kasa haɗiya alama ce ta wata cuta. Cutar ita ya kamata a nema a yi ma magani. Ɗura da yankan beli suna iya ƙara ciwo bisa ciwo.

Yadda haɗiya take

Cikin wuyan mutum akwai hanya biyu. Ta gaba ita ce hanyar iska, tana zuwa huhu. Ta baya ita ce hanyar abinci, tana zuwa tumbi. Dukansu daga wuri ɗaya suke tashi, can bayan harshe.

Mai ban ruwa a garkar albasa ya san wannan aiki. Sai ya toshe wannan hanya da laka kafin ya saki ruwa cikin waccan. Haka jiki yake yi. Da mutum ya zo haɗiya, wani ɗan marfi zai rufe hanyar iska, numfashi ya tsaya kaɗan, loma ta wuce. Beli ma yana da aikinsa. Shi da tattausan naman da yake rataye a jikinsa suke rufe hanyar hanci, don kada abinci ya fito ta can. Kowane ɗan Adam da beli ake haihuwarsa.

Idan marfin bai rufe da kyau ba, ruwa ko abinci sai ya bi hanyar iska. Wannan ita ce ƙwarewa. Mai lafiya tari zai yi ya fid da abin. Marar ƙarfi ba ya iyawa. Abin sai ya sauka cikin huhu, ya zauna can. Bayan kwana ɗaya ko biyu zazzaɓi ya zo, numfashi ya koma sama-sama. Ciwon huhu ke nan, kuma yana kisa.

Likitoci sun ga wannan da idonsu. Suna ba majinyaci wani farin ruwa da ke fitowa a hoton radiyo, suna kallon inda ya bi. Sun ga wasu majinyata ruwan na shiga hanyar iskarsu, ko tari ba su yi ba. Ke nan rashin tari ba shaida ba ce cewa abinci ya bi hanyarsa.

Yadda ake bincike

Binciken likita ba jita-jita ba ne. Wani lokaci ƙidaya ake yi: majinyata nawa suka zo, me ya same su, nawa suka warke. Wani lokaci kasa su ake yi gida biyu ta hanyar ƙuri'a. A yi ma waɗannan dabara ɗaya, a yi ma waɗancan wata, daga baya a gwama. Ba a sa mutum cikin bincike sai an yi masa bayani ya yarda. Idan yaro ne, iyayensa ake tambaya.

Jaririn da ya ƙi nono

A shekara ta 2008 an fid da sakamakon wani babban bincike. An duba jarirai 8.889 waɗanda ba su cika wata biyu ba, waɗanda aka kawo likita a ƙasashe shida: Gana, Afirka ta Kudu, Indiya, Pakistan, Bangaladash da Bolibiya. Ana so a san alamomin da ke nuna jariri na cikin haɗari. An samu alamomi bakwai. Rashin shan nono da kyau yana cikin manyansu. Sauran su ne: jijjiga, rashin motsi sai an taɓa shi, numfashi da sauri, lotsawar ƙirji, zafin jiki, da sanyin jiki.

Ma'anar wannan ita ce, jaririn da ya daina tsotso sau da yawa ƙwayar cuta ce ta shiga jininsa, ko huhunsa, ko ta cibiya. Wani kuwa bakwaini ne, bai yi ƙarfin tsotso ba. Yaron da ya ɗan girma, abin da ke hana shi haɗiya yana da yawa: ƙurajen baki, ƙyanda, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, sanƙarau, ko mashaƙo irin wanda ya ɓarke a jihar Damagaram da Kano a 2023. Cikin waɗannan cututtuka babu wadda aska take warkarwa.

Abin da aka gano game da beli

An yi bincike kan cire beli a Yamai, aka fid da shi a 1994. An samu cewa kusan yaro ɗaya cikin biyar an cire masa beli kafin ya cika shekara biyar. Iyaye sun faɗi dalilansu: amai, zawo, ƙin nono, rama, da zazzaɓi. Wasu kuma al'ada ce, ana yi ma kowane jariri tun yana ɗan kwanaki. Masu binciken sun duba takardun likita. Cikin kowane yaro 1.000 da aka kwantar, kusan 8 yankan beli ne ya kawo su. Wasu jini ne ya ƙi tsayawa. Wasu gyambon ne ya ruɓe.

Wannan ƙidayar waɗanda suka iso likita ce kaɗai. Kuma akwai wata ɓarna bayan ita. Yaron da aka yanka a maƙogwaro zafi zai ƙara hana shi tsotso. Kwanakin da za a yi ana jiran ya warke, cutar da ke jikinsa tana ci gaba da cinsa. Wanzami mutum ne mai daraja a gari, kuma ana jin maganarsa. Babban taimakon da zai yi shi ne ya ce ma iyaye su kai yaro likita tun ranar.

Gwajin ci ga yaro mai tamowa

Tamowa mai tsanani tana kashe ma yaro sha'awar abinci. Naman jikinsa ya rame, har da naman da yake haɗiya da shi. Da can duk irin waɗannan yara kwantar da su ake yi, ana ba su madara. A 1996 aka haɗa wani abinci a Faransa da gyaɗa, da garin madara, da sukari, da mai, da bitamin. Sunansa Plumpy'Nut, wanda mata suke ce ma biskit.

An gwada shi a Dakar, sakamako ya fito a 2003. Yara 70 aka kasa gida biyu. Masu cin biskit sun murmure cikin kwana 13, masu shan madara cikin kwana 17. A yunwar 2005, ƙungiyar likitoci ta MSF ta karɓi yara sama da 60.000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Akasarinsu a gida suka warke, uwayensu na ba su biskit. Bayan wannan shekara ƙungiyar ta yi aiki tare da likitar Madawa da ta Buza.

To, ta yaya ake gane yaron da zai koma gida da wanda za a kwantar? Da gwajin ci. Uwa ta wanke hannu, ta zauna wuri mai natsuwa, ta rungumi ɗanta. A ba ta biskit da ruwan sha mai tsabta. Ta riƙa ba shi kaɗan-kaɗan da lallashi. Ba a tilasta masa. Idan ya ci gwargwadon nauyinsa, kuma ba ya da wani ciwo mai tsanani, sai a ba su biskit su tafi gida, su riƙa dawowa awo. Idan ya kasa, an san ciwon ya yi nisa, sai a tura su babbar likita. Uwar da ta danna ma yaro biskit da ƙarfi don a sallame su, ɗanta ta cuta.

Tiyon hanci ba ya kisa

A babbar likita ana fara ba yaro wata madara marar nauyi da ake ce ma F-75. Kaɗan-kaɗan ake ba shi, bayan awa biyu ko uku, dare da rana. Idan ya kasa shan abin da ya ishe shi, sai a sa masa siririn tiyo ta hanci. Tiyon yana bin hanyar abinci har tumbi, ma'aikacin likita kuma yana tabbatar da ya isa can kafin ya zuba madara.

Uwaye da yawa suna tsoron tiyo, suna cewa yaron da aka sa ma shi ba ya tashi. Gaskiyar magana, yaron da ya fi kowa galabaita shi ake sa ma tiyo. Idan ya rasu, cutar da jinkiri ne suka kashe shi. Da yaro ya samu ƙarfin sha da bakinsa, ake cire tiyon.

Tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye

Hawan jini yana fasa jijiyar jini cikin ƙwaƙwalwa, ko ta toshe. Hannu da ƙafa su mutu, baki ya karkace. Sau da yawa naman maƙogwaro ma yana mutuwa, sai dai ba a ganinsa. A 2005 masu bincike a Kanada sun tattara sakamakon bincike masu yawa. Sun samu cewa mai shanyewar jiki da ke wahalar haɗiya ya ninka wanda ba ya da ita sau uku wajen kamuwa da ciwon huhu.

A Ostareliya an kasa ɗakunan jinya 19 gida biyu, sakamako ya fito a 2011. A gida na farko an koya ma ma'aikata su kula da abu uku: zazzaɓi, sukarin jini, da gwada haɗiyar majinyaci tun da wuri. A gida na biyu an ci gaba yadda aka saba. Bayan kwana 90, cikin majinyata 100 na gidan farko, 42 ne suka rasu ko suka kasa yi ma kansu hidima. A gida na biyu kuwa 58 ne.

A Japan ma an bi tsofaffi har shekara biyu, aka fid da sakamako a 2002. Waɗanda ake wanke ma baki bayan kowane abinci sun fi tsira daga ciwon huhu. Datti ne da ke cikin baki yake bin miyau ya sauka huhu. Wannan aiki asuwaki da ruwa mai tsabta sun isa a yi shi. Kuma masu shanyewar jiki da yawa haɗiyarsu tana dawowa cikin ƴan makonni. Kwanakin farko su ne na tsoro.

Abin da ya kamata a yi

1. Jaririn da ya daina tsotso, ko yaron da ya kasa sha, a kai shi likita ranar nan. Kada a jira ranar kasuwa. A 2006 gwamnati ta yanke cewa a riƙa duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta.
2. Kan hanya uwa ta manna jariri a ƙirjinta don ya ji ɗumi. Idan yana iya haɗiya, ta tatsa nono cikin kofi mai tsabta, ta kai bakinsa ya lasa da kansa.
3. Kada a toshe ma yaro hanci. Kada a yi ɗura. Yaron da ke kuka hanyar iskarsa a buɗe take.
4. Mai suma ko mai jijjiga, ba a zuba masa komi a baki, ko ruwa, ko rubutu, ko magani. A kwantar da shi ta gefe.
5. Tsoho mai shanyewar jiki, likita ya fara duba shi. Idan an yarda ya ci, a zaunar da shi tsaf, a ba shi da ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye kafin a ƙara. Ya zauna rabin awa bayan ci.
6. Idan ya yi tari, ko muryarsa ta koma kamar mai kurkure, ko abinci ya taru a kumatunsa, a tsaya, a faɗa ma likita.

Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda ya karanta wannan, ya karanta ma maƙwabcinsa da bai shiga yaƙi da jahilci ba tukuna. A faɗa ma kakanni da ungozoma da wanzamai, don su ake fara kira idan yaro ya ƙi nono.

Tambayoyin tattaunawa a aji

Hanya nawa ce cikin wuyan mutum, kuma ina kowace take zuwa? Me ya sa ɗura take kawo ciwon huhu? Daga garinku zuwa likita mafi kusa tafiyar awa nawa ce, kuma amalanken wa za a samu idan ciwo ya tashi da dare?