Shirin tafiyar yawon buɗe ido zuwa ƙasashen waje daga Zariya

Shirin tafiyar yawon buɗe ido zuwa ƙasashen waje shi ne tanadin da matafiyi kan yi na takardu, lafiya, guzuri, hanya da masauki kafin ya ƙetare iyakar ƙasarsa domin hutu ko ganin gari. A Zariya, masu irin wannan tafiya sun haɗa da 'yan kasuwa, ma'aikata, da malamai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, ciki har da na harabar Kongo da ke Tudun Wada, inda ake koyar da shari'a da harkokin mulki. Da yake Zariya ba ta da filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa, kuma ba ta da ofisoshin jakadanci, shirin mutumin Zariya yakan haɗa da zirga-zirga zuwa Kaduna, Kano ko Abuja tun kafin ranar tashi.

Tarihi

Tafiya mai nisa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Fatake sun daɗe suna kai wa Gwanja sayen goro, alhazai kuma suna bi ta Chadi da Sudan zuwa Makka a ƙasa, tafiyar da kan ɗauki shekaru. Jirgin sama ya fara sauka a Kano a 1925. Bambancin wancan zamani da na yau shi ne, a da madugu da ayari ne jigon tafiya, yanzu kuwa takarda ce.

Fasfo

Hukumar Shige da Fice ta Najeriya ce ke bayar da fasfo. Akwai mai shafi 32 da ke aiki shekara 5, da mai shafi 64 da ke aiki shekara 10. Daga 1 ga Satumba 2025 kuɗinsu a cikin gida ya koma naira 100,000 da naira 200,000. Ana cike takarda a biya ta intanet, sannan a je ofis domin ɗaukar hoto da zanen yatsu. Dole ne suna da ranar haihuwa su zo daidai da na lambar NIN. Saɓanin harafi ɗaya, kamar Muhammad da Mohammed, na iya jinkirta aikin, haka kuma sunan da ke kan tikiti dole ya dace da na fasfo. Ƙasashe da yawa na buƙatar fasfon da ya rage masa aƙalla wata 6 kafin ya ƙare.

Biza

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta bai wa 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasashen juna ba tare da biza ba har kwana 90. Saboda haka ɗan Najeriya na iya zuwa Ghana, Benin, Togo, Senegal ko Gambiya da fasfonsa kawai. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a 29 ga Janairu 2025, sai dai ECOWAS ta ce a ci gaba da barin jama'a suna zirga-zirga har zuwa wani sabon umarni.

Bizar Schengen ta Turai tana ba da damar zaman kwana 90 cikin kowane kwana 180. Kuɗinta ga babba Yuro 90 ne tun Yunin 2024, ana kuma buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Ana iya nema tun wata 6 kafin tafiya. Jami'an biza kan duba bayanan asusun banki, takardar wurin aiki ko ta makaranta, da shaidar masauki, domin su gamsu cewa mai nema zai komo gida. Kuɗin da aka zuba a asusu rana ɗaya gab da nema yakan jawo shakku, kuma idan aka hana biza ba a mayar da kuɗin nema. Shi ya sa ake ba da shawarar kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito.

Dokokin biza suna sauyawa. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da bai wa 'yan Najeriya biza a 2022, ba ta dawo da ita ba sai a Yulin 2024. Don haka abin dogaro shi ne shafin ofishin jakadancin ƙasar da za a je, ba labarin wanda ya je bara ba.

Lafiya

Ƙasashe da dama na neman katin shaidar rigakafin cutar shawara daga mai fitowa daga Najeriya. Katin yana fara aiki ne kwana 10 bayan allurar, kuma tun Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa allura ɗaya ta isa har abada. Mai shan maganin hawan jini ko ciwon sukari ya kamata ya riƙe maganinsa a kwalinsa na asali tare da takardar likita, domin wasu magunguna, irin su tramadol, na iya kai mutum kurkuku a Masar ko Dubai.

Hanya

Filin jirgin da ke Zariya na Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ne, wadda aka kafa a 1964. Masu fita waje sukan tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, mai nisan kimanin kilomita 150, ko na Nnamdi Azikiwe a Abuja. Mai zuwa Abuja na iya shiga mota zuwa Kaduna, kimanin kilomita 80, ya hau jirgin ƙasa a Rigasa. Ana so a isa filin jirgi awa 3 kafin tashi, kuma idan tashin na asuba ne ya fi kyau a kwana a garin. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu kan sa a jinkirta ko a soke tashin jirage a arewa, saboda haka mai sauya jirgi a Addis Ababa ko Alƙahira yana buƙatar tazara mai yawa tsakanin jiragen biyu.

Ta ƙasa kuwa, ana bi ta Funtuwa da Katsina zuwa Jibiya a shiga Maraɗi, ko ta Sakkwato da Illela zuwa Birnin Ƙonni. An rufe wannan iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, aka buɗe ta a Maris 2024. Ana ba da shawarar tafiya da rana, da bincika halin tsaro kafin a kama hanya. Mai tafiya da motarsa a ƙasashen ECOWAS yana buƙatar katin inshorar mota na ƙungiyar.

Guzuri

Lissafin tafiya ya ƙunshi tikiti, masauki, abinci, sufuri, kuɗin shiga wuraren tarihi, da wani abu da za a ajiye domin ko-ta-kwana. Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade kuɗin guzurin matafiyi da ake saya ta banki a dala 4,000 a kowane wata uku. Wanda ke ɗauke da tsabar kuɗi fiye da dala 10,000 wajibi ne ya bayyana wa jami'an kwastan. A Nijar, Benin, Togo da Senegal da saifa ake ciniki, a Ghana kuma da sidi. Hikima ce a raba kuɗi wuri biyu, a kuma tambayi banki ko katin cire kuɗi zai yi aiki a waje. Tikiti yakan yi tsada a watannin Yuni zuwa Agusta, da ƙarshen Disamba, da kuma Ramadan ga jiragen Saudiyya.

Kaya

Tsaraba na daga cikin abin da ke jefa matafiya cikin matsala. Tarayyar Turai ta hana shiga da nama da madara daga waje, wanda ya shafi kilishi da dambun nama, kuma hukumomin alhazai sun sha gargaɗi kan kai goro Saudiyya. Ruwa ko turare a jakar hannu kada ya wuce mililita 100 a kowace kwalba, batirin cajin waya kuma a jakar hannu ake sa shi.

Babban haɗari shi ne karɓar saƙon da ba a san abin da ke ciki ba. A Disamba 2018 an tsare wata ɗaliba 'yar Najeriya a Saudiyya kan miyagun ƙwayoyi, aka sake ta a Afrilun 2019 bayan binciken hukumar NDLEA ya nuna cewa wasu ne suka liƙa sunanta a jakar da ba tata ba. Matafiyi ya ƙirga jakunkunansa, ya adana rasitin da aka manna masa a tikiti.

A ƙasar da aka je

Ana so a bar kwafin fasfo da adireshin masauki a hannun wani a gida, a kuma riƙe lambar ofishin jakadancin Najeriya. Ghana tana bayan Najeriya da awa 1, Saudiyya tana gaba da awa 2, Dubai da awa 3. Ga mai tafiyar farko, Ghana na da sauƙi: babu biza, ana jin Hausa a zangon Kumasi da unguwar Nima ta Accra, ga kuma tsofaffin gidajen cinikin bayi na Elmina da Cape Coast. Wuce kwanakin da aka ɗiba wa mutum laifi ne da kan jawo tara ko kora, kuma yakan hana samun biza a gaba.